Na karbo jitata daga hannun kafinta, ga gaskiyar yadda aikin fenti da robar gefe ya fito

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan bayani ne akan aikin wani kafinta dake wani gari tsakanin Gujungu da Gumel, wanda ya hada min jita da hannunsa tun daga katako har fenti. Bazan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, kuma akwai wuraren da zan dan taba shi, toh kunga bai kamata ba. A takaice dai aikin yayi, in makin jarabawa ne zan bashi mai kyau, amma mutum ne da sai kana da hakuri zaku shirya, kuma akwai wasu abubuwa da ya kamata ka fada masa tun ranar da zaka bada kafin alkalami ba sai aiki yayi nisa ba.

Asalin sana'arsa gado da wadrof da kujeru ne, kayan dakin amare dai. Jita ya koya ne lokacin da ya zauna a Kano yana yaron shago a Sabon Gari, inda ake kawo musu jitocin coci da na makada wadanda wuya ya karye ko jaki, wato dan katakon da tsirkiya ke hawa kai a fuskar jita, ya daga su gyara, a nan ya bude cikin jita ya ga yadda aka jera itatuwan dake rike da fuskarta. Da ya dawo gida sai abin ya zama na sha'awa kawai yana yi jefi jefi, don a yankinmu in ka cire samarin dake jin kidan jitar mutanen Agadas da ake shigowa dashi ta Maigatari, ba kowa ne ma zai yarda a ganshi rataye da ita ba. Ni kaina wani dattijo ya taba tsayar dani a hanyar makaranta yace Malam ashe gurmin Nasara ka koma kadawa, Allah ya shirya. Nace amin Baba.

Maganar katako bazan ja ta ba. Baya da gefe da wuya duk madaci ne, yace daga 'Yan Katako na Na'ibawa ya dauko shi kuma ya dade a jingine a shago yana shan iska kafin ya taba shi, fuskar kuma wani farin katako ne mara nauyi da ya ciro daga jikin akwatin da aka shigo da inji a ciki daga waje. Na dan yi tsaki a raina da naji akwati, amma da ya kwankwasa min shi da yatsa naji yadda yake amsawa sai naja bakina nayi shiru. Nan bani da korafi ko kadan.

Inda nake so mu dade shine robar gefe. Duk wanda ya taba rike jita mai dan tsada zai lura da wani siririn layi fari ko ruwan madara da ya zagaye bakin jikinta gaba da baya, wani lokacin har wuya. Ba fenti bane, roba ce ake sassaka mata gurbi a bakin katakon a manna ta da gam, kaurinta wajen milimita 1.5 ne in ka kalle ta daga sama, tsayinta ta gefe kuma wajen milimita 6. Kuma ba don ado kadai ake sata ba, ita ke daukar bugu in jita ta hadu da kujera ko kofar mota, ita ke boye mahadar fuska da gefe, sannan tana toshe bakin katako wanda ta nan laima tafi saurin shiga da fita, kunga a wajenmu da damina ke jika komai hunturu kuma yazo ya busar da komai ai ba karamin amfani bane. Jitocin da can wata irin roba mai suna seluloid ake sa musu, wanda in ya tsufa yake tsukewa ya tsattsage gashi wuta na saurin kama shi, yanzu akasari robar ABS ake sawa, itama tawa ita ce, a Legas aka sayo masa nadi guda aka sako a mota.

Toh matsalar ita ce dole sai an manna robar nan kafin ayi kala, don bayan an manna sai an kankare an goge ta tayi daidai wa daida da katako. Kenan duk kalar da za a shafa wa katako ya sha da duk fentin da za a fesa sai ya bi ta kanta. Ni kuma da zaben kala sai na zabi mafi wahala, irin wadda tsakiyar jita ruwan zuma ne sai ya rika duhu yana duhu har a baki ya kusa zama bakikkirin, wato daidai inda farar robar take nan ne fenti mafi duhu zai sauka.

Ranar da ya aiko yaro a kan mashin yace inzo inga kala, ina shiga rumfa na hango ta a rataye da waya, kalar tayi kyau wallahi amma farin layin saman nan babu shi babu alamarsa, duk ya nutse cikin ruwan kasa. Gabana ya fadi. Nace Baba ina farin, yace yana nan a kasa Malam, kwantar da hankalinka. Wani yaronsa sabon shiga wai shi mai taimako sai ya rarumo tsumma ya tsoma a gwangwanin tina yace Oga bari in goge masa ya gani, ai kuwa ya sha tsawa, kai ajiye tsumman nan kafin in saba maka, wa ya aike ka. Daga nan ya dauko guntun robar da ta rage a kasa ya shafa mata irin kalar, ya mikawa yaron yace toh goge wannan mu gani. Gugar farko kamar abin arziki, farin ya dan leko, ana ta biyu sai fuskar robar tayi laushi ta fara danko tana kama zaren tsumma, kalar kuma maimakon ta fita sai ta nutse ciki ta koma wani dattin ja ja da ko an kankare sai an ci roba da yawa kafin a kai fari.

Dalilin kuwa ba boyayye bane, tinar da kafintoci da masu fentin mota ke aiki da ita hadi ce ta sinadarai masu karfi, a ciki akan samu asiton, wannan din dake cikin ruwan goge jan farce na mata, shi kuma asiton narka ABS yake, haka seluloid. Kenan kana goge fenti ne kana narka abin da kake son tsaftacewa lokaci guda, ga kuma hadarin digo daya ya gangara kan fuskar jita ya cinye maka kalar da aka sha wahala akai. Ya nuna min wata 'yar kwalba da yake zuba guntayen robar a cikin asiton su narke su zama kullu, da shi yake cike mahadar roba da duk wata 'yar kafa da ta rage, in ya bushe ya kankare baka ganin inda aka hada. Wato abin da yaron yake shirin gogewa dashi, shi kuma dashi yake narkar da ita da gangan. Kuma yace jan kala yafi kowanne naci, in ya samu hanya cikin farar roba sai dai hakuri.

Sai nace toh me ya hana a rufe ta da salatif tun farko a huta. Yace ya rufe ai, amma bangaren gefe kadai mai fadin nan, shi salatif na zama a kansa daram. Na sama mai milimita 1.5 kuwa babu salatif din da zai zauna a kai ya bi lankwasar jita bai tattare ba, musamman a kugu, kuma duk inda ya tattare nan kala zata bi ta karkashi ta shige, ka cire ka tarar da layi duk gemu gemu. Ko wanda ya rufe din ma akwai yadda yake yi, bayan ya manna salatif ya danne bakinsa da farce sai ya fara fesa farin sila, wato ruwan shafen farko mara kala, siriri tukuna, saboda in akwai kafar da ruwa zai shiga toh farin ya riga shiga ya toshe ta, kala tazo ta tarar babu hanya. Sannan baya barin salatif ya kwana biyu a jiki, da fenti ya dan tsane yake cire shi a hankali yana jawo shi baya a karkace, don in ya dade a wannan yanayin namu gam dinsa zama yake a kan roba, in kuma fenti ya kankame a kansa sai ya taso da na jikin jita. Salatif din takarda na arha da ake saidawa a shagon littattafai kuwa yace kar ma a kawo masa shi.

Washegari da hantsi ya zauna a benci ya shimfida tsohon bargo a cinya ya dora jitar, ya bude reza sabuwa, rezar nan ta Tiger da ake samu a kowane tebur, ya karya ta biyu tun tana cikin takardarta ya nade bayan da salatif don ya samu wajen rikewa. Sai ya goga bakinta a jikin karfen sukundireba a karkace, yace wannan ke dan lankwasa bakin yayi kugiya yadda zata rika kankara ba yanka ba. Ya rike ta tsakanin babban yatsa da manuni, dan bakin da ya leko daidai fadin robar ne ba kari, babban yatsan kuma ya jingina da gefen jita shi ke tsare hanya kar reza ta zarce ta shiga fenti. Rezar a tsaye take kusan cak ba a kwance ba, yana jawo ta wajensa gajere gajere, fenti na tashi siri siri yana nadewa yana zuba kan bargo, farin kuma yana fitowa tas a bayan hannunsa. Wanda ya taba zama gaban tsohon wanzami yana fitar masa da layin goshi da aska zai gane irin rikon da nake nufi, hannu baya rawa kuma baya dannawa. Inda layi ya dan mike sai ya canja zuwa wani guntun katako da ya tsaga ya cusa reza a ciki ya daure da noti, katakon na bin gefe rezar na cin abin da aka auna mata kawai, amma yana zuwa kugu da wajen wuya sai ya ajiye ya koma yatsa, yace a nan katako baya jin magana.

Nace Baba me yasa sai yau ba jiya ba. Yace jiya fentin danye ne, kana taba shi zai biyo reza ya jagwalgwale ya shafe farin, in kuma ka bari yayi kwanaki ya bushe karau sai ya rika ballewa layin ya fito da hakora, akwai dan tsakanin nan da ya bushe a hannu amma bai kankame ba, nan ake so. Kuma baya rowar reza, da yaji ta fara tsalle ko tana kara kiii sai ya yar ya dauki wata, don dakusasshiyar reza gargada take bari a kan roba, kuma ita ce ke sa mutum ya danna har hannu ya kubuce. Ana cikin aikin ma babu mai masa magana, wani ya shigo tambayar kudin kofa yaro yace masa Oga na aiki ka dawo bayan azahar.

Kar wani ya dauka dabarar rashin kayan aiki ce irin ta kauye. Kamfanin Gibson na Amurka da aka kafa tun 1902, a masana'antarsu ta Nashville har yau haka suke yi, a fesa kala a kan komai har robar, sannan a mikawa wasu ma'aikata da aikinsu kenan su zauna da 'yan karafuna masu kaifi su kankare ta da hannu kafin a fesa farin banish na karshe, bidiyon yana nan a YouTube duk mai data zai iya kallo. Jitocin da kudin guda daya zai sayi shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da kankara ake fito musu da fari. Shi bai ma san da wannan ba sai da na nuna masa a waya, ya kalla yayi dariya yace toh ashe muna da 'yan uwa.

Bayan kankara akwai dan tudu da ke ragewa tsakanin fenti da roba wanda farce ke ji, wannan ba aibi bane, banish din da za a bi sama dashi shafi bayan shafi shi ke cike shi. Abin da na lura yana kiyayewa shine ya kade garin fentin da busasshen burushi sosai kafin ya fesa, don kwayar gari daya mai duhu in ta kwanta kan fari banish ya rufe ta toh ta zauna kenan har abada. Sai aka rataye ta makonni tana bushewa, sannan ya bi ta da sanfefar ruwa daga lamba 800 har 2000 ya goge da man goge fentin mota.

Yanzu sakamako. Na fito da ita rana tsaka na jujjuya, da dare kuma na haska ta da tocilan din waya a karkace don shi baya boye komai. Layin fuska gaba daya tsaf yake, babu gemu babu hakora, mahadar roba ta kasa sai da ya nuna min da kansa na gane wajen. Wannan kam ko a shagunan Sabon Gari aka rataye ta ba zata ji kunya ba. Amma akwai wurare da ban ji dadinsu ba kuma zan fada. A kugun hagu robar tafi sirancewa, da alama an ci ta da yawa tun wajen daidaita ta da katako, in ka kura ido zaka ga layin ya rame a nan sannan ya koma daidai. A baya kusa da gindin wuya akwai wata inuwa ruwan kasa a cikin farin da bata fita ba, da na tambaya yace yaro ne ya bi wajen da sanfefa mai kaushi lamba 80, ita kuma zane take bari a jikin roba mai zurfi, kala ta shiga cikin zanen ta kwanta, reza kuma sama take dauka, in ya bi ta har kasa robar zata kare. Kamata yayi robar ta sha kankara kawai ko a bi ta da lamba 220 zuwa 320, kuma a shafa mata sila kafin kala ta matso kusa. Ya amsa laifin bai yi musu ba, amma dai jitata ce ke dauke da tabon ba tasa ba.

Na ukun shi yafi bani haushi don a fuska yake. Dab da robar wajen kafada akwai wani dan wuri da katakon bai sha kala ba yayi haske haske, dalili sufa gulu ne ya malalo lokacin manna roba ya shige cikin katako ya toshe shi, ido baya ganinsa sai an shafa kala sannan ya tona kansa. Duhun fentin baki ya rufe mafi yawansa, saura kadan ne ke lekowa in rana ta haska. Da an shafa danyen tsumma a wajen kafin kala da an gani an kankare, don inda gam yake baya jikewa. Shi ya fada min hakan da bakinsa, toh Baba tunda ka sani me ya hana, sai yace gaggawar da na rika yi masa ce. Nan kam ban yarda ba, don mutumin da ya rike min aiki wata da watanni bai isa yace min gaggawa ba.

Tunda maganar lokaci tazo. Na bada aiki karshen damina, ya fara da zafinsa ya gama wuya, sai kaka ta shigo aka sayar da ridi da gero kudi suka shiga hannun mutane, bukukuwa suka taso, kowane uba yana son gadon 'yarsa kafin ranar kai amarya, shikenan jitata ta koma saman wadrof. Kaje yace jibi, jibi tayi yace bayan kasuwar Gujungu ranar Lahadi, Lahadi tazo ta wuce. Ban ce karya yake da gangan ba, kayan daki su ke ciyar da gidansa, amma gara ya fadawa mutum gaskiya tun farko. Wani bangare na jinkirin dai da hujjarsa, yaki manna fuskar sai da iska ta bushe, yace jitar da aka hada cikin laima in hunturu ya kama ta tsagewa take. Wannan gaskiya ne, masu kera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, mu kuma nan da hunturu tana sauka kasa da kashi 20. Haka fenti ma yace baya fesa banish da damina don laima na makalewa a ciki yayi hazo hazo. Sai dai hunturun ma da nasa, kura. A rumfa yake feshi ba daki ba, yana yayyafa ruwa a kasa ya fesa da sassafe kafin iska ta tashi, duk da haka akwai 'yan kwayoyin kura a bayanta da suka ki fita. Wuyan da aka gama tun da sauran laima kuma ya dan tsuke, bakin karafunan dake jere a kansa sun fara cizon hannu, yace in kawo ya bi su da magagari kyauta.

Farin robar ma ba farin takarda ya fito ba, ya dan ja zuwa ruwan madara saboda banish, kuma ya gargade ni cewa zai kara ja da shekaru. Ni hakan ma yafi min kyau a ido, amma mai son fari kal gara ya sani.

Abin da ban so ba a shagon wanda bai shafi jita ba, guntayen rezar nan a kasa yake yar dasu cikin garin katako, ga almajirai na shigowa babu takalmi suna diban garin. Na fada masa ya samu gwangwanin madara ya rika jefawa, yace toh, ban sani ba ko toh din ta kai zuci. Sannan feshi suke yi babu abin rufe hanci, warin tina har kan titi, ga mai kosai da wutarta ba nisa da rumfar. Tina da fentin nan wuta suke jira, Allah dai ya kiyaye amma a rika matsar da gwangwani.

Sauti kuwa alhamdulillahi, tana da murya mai kauri, tafi 'yar Chanar da nake da ita nesa ba kusa ba, kuma tsirkiya bata yi sama da wuya ba yatsa baya wahala. Kunnuwan daure tsirkiya ne dai na arha ya sa, biyu daga ciki suna sakewa sai kayi ta gyara sauti. Kudi bazan fada ba don yadda farashin tina da banish ke tashi, abin da na biya ba lallai shi zaka biya ba, amma ya dan haura sabuwar 'yar Chana ta shago, bai kuma kama kafar masu suna ba.

Ga wanda zai sayi jitar hannu ko a wajen wa, ka duba layin gefen nan da kyau, don akwai masu ja maka farin fenti da salatif suce roba ce. Ka nemi mahada a kasan jita, ka duba ta sama da ta gefe ko kaurin yayi daidai, fenti da ya bugu sau daya zai balle katako ya leko. In kuma da katako kake so a zagaye maka maimakon roba, shima yana yi, amma katako shan kala yake har ciki, dole a rufe shi da sila sosai tun kafin kala don reza ba zata cece shi ba kamar yadda take ceton roba.

In wajensa zaka, kai aikin lokacin da bukukuwa suka lafa, ka sayo kunnuwa da tsirkiya masu kyau da kanka daga Sabon Gari ka mika masa, kuma ka roke shi kai tsaye cewa gugar bakin roba da duba gam shi zai yi da hannunsa kar ya barwa yara. Ka ce a nuna maka kalar a kan guntun katakon da ya rage kafin a taba jitar. In kalar duhu kake so irin tawa ka dan kara masa wani abu akan abin da kuka yi ciniki, don zaman kankarar nan kadai yini guda cur yake ci masa baya taba wani aiki.